Fankon Fayil

Har yau in na tuna mai shagon kwamfutar da na yi wa aiki a Ƙauran Namoda, sai raina ya ɓaci. Ɗan kwas ya yi a Legas, ya dawo yana kallonmu kamar tumaki.

Shekarun da aka fara Shari'a ne, kowane malami na son ganin karatunsa a buge. Kawuna na Zurmi ma ya zo. Idonsa ya riga ya tafi, don haka da baki yake faɗa ina bugawa: bayanin rabon gado, yadda ya ɗauko daga malamansa da duk sun rasu. Tun ana shuka yake hawo mota yana zuwa, har aka yanke gero.

Da injin kwamfutar da nake bugawa a kai ya fara gardama, mai shago ya ce zai goge shi tas ya sake zuba masa komai.

Na ce, "Oga, aikin Kawu fa?"

"Na kwafe a faifai, na kuma bincika."

Ga binciken nasa. Akwai wani umarni, grep, da ake rubutawa a baƙin allo ya nemo kalma cikin fayil. In ya samu ya ba da sifili, in bai samu ba ya ba da ɗaya. Gogan naka ya sa shi neman alamar lalacewa a cikin kwafin. Ɗaya ta fito. Ya washe baki, "Ka gani? Babu ɓarna."

To ina ɓarna za ta fito! Fayil ɗin fanko ne, ko harafi bai kwafu ba. Shi grep ba ruwansa, da fayil mai lafiya da wanda babu komai, duk ɗaya yake ba su. Sai bayan an goge muka gane. Buɗewa kawai zai yi ya duba da idonsa, girman kai ya hana.

Ko haƙuri bai bayar ba. Wai, "Ai inji bai yi ƙarya ba." Na ja masa Allah ya isa a gaban mutane, na bar masa shagonsa.

Ni na tafi Zurmi. Na tarar da Kawu kwance, jiki ya yi nauyi, magana da ƙyar. Da ya ji muryata sai ya miƙo hannu yana lalube.

"Ɗana, ka taho da shi? Ba ni in taɓa."