Katin da Ba Shi da Sama

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Kawu Modu a Jakara ya san da kwamfuta yake faɗa, ba da mutane ba. Ƙanin mahaifiyata ne, katin biki da kalanda yake tsarawa. Da na gama sakandare aka ajiye ni gefensa ina buga masa rubutu. Kullum sai ya gano abin da manhajar tsara katin ta rasa, ya juyo kaina.

"Falmata, in kin haɗu da masu abin nan, ki ce su ƙara maɓallin hula."

"A ina zan haɗu da su, Kawu? A kasuwar Kurmi?"

Maganar hular kuwa da gaske yake. Ba ya buga hoton namiji kai ba hula. Ango ya kawo hoto da askin gayu, sai Kawu ya yanko hula daga hoton wani ya kifa masa. Wani ya dawo yana huci, wai hular ta yi masa yawa. Kawu ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Aure za ka yi, kan zai kumbura ya cika ta."

Shekarun tashin bama-bamai kuwa, dokar hana fita yau ta matso, gobe ta ja baya, kati kuma an riga an raba. Sai ya nemi maɓallin da zai bi katunan har gidajen mutane ya canza lokaci. Na ce masa wannan aljani ne, ba manhaja ba. Daga ranar ya koma rubuta, "Bayan Azahar, in an bari."

A cikin wannan hali aka sa bikina. Babana ya rasu, ƙannensa biyu, Baffa Sule da Baffa Ali, kowa ya rantse in ba sunansa ne a saman kati ba, ba zai taka wajen ɗaurin aure ba. Dangin ango har sun fara tambaya ko ba ni da kowa ne.

Na ce, "Kawu, sa na babban a sama, mu huta."

"Wane ne babban? Rana ɗaya aka haife su, uwa daban. Tun ba a haife ki ba ake wannan shari'ar."

Sai ya ce zagaye zai yi katin, kamar faifai. Manhaja ta ƙi, rubutu ya riƙa kifewa yana hawa juna. Ya zauna yana jera harafi ɗaya-ɗaya, yana mita: "Su masu abin nan ba su da baffanni ne a garinsu?" Sunaye, rana, unguwa, komai ya zagaya. Ni na yanke katunan da almakashi.

Da kansa ya kai wa Baffa Sule, ya miƙa masa sunansa na kallon sama. A gidan Baffa Ali ya juya katin. Ranar ɗaurin aure, aka ce min, tabarma ɗaya suka zauna, kowa ya riƙe nasa yadda yake so, yana yi wa ɗan'uwansa kallon tausayi. Ɗaya ya ba da aure, ɗaya ya karɓi sadaki. 'Yan gayya dai sun yi ƙorafin jiri wajen karanta katin.

Ba a daɗe ba bayan nan Kawu ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Allah Ya jiƙan Kawu Modu, Ya yalwata masa kabarinsa. Na fita gidanmu ba uba, amma babu wanda ya kalle ni ya ce ba ni da kowa. Allah Ka tsaya masa yadda ya tsaya min.