Shatin da Auduga Ba Ta Gogewa

Yayata mai kwalliya ce. Shagonta ɗan ƙuƙut ne tsakanin mai aski da mai gyaran waya: kujera ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, da akwatin hoda da jambaki. Ga surutu! Ko gira take gyara miki sai kin ji labarin unguwa kaf. Ni ce mai riƙe mata akwati in an kira ta aiki waje, shi ya sa abin nan ya faru a kan idona.

Malamin adabi na makarantar bayan layinmu ne ya kira ta. 'Yan ajinsa za su yi wa iyaye wasan kwaikwayo a kan cin zalin yara: yarinya marainiya, kawunta mai dukanta da wayar wuta, da maƙwabciya da ke ƙara muryar rediyo in ta ji ihu. Aikin Yaya shi ne ta zana wa tauraruwar shatin duka a hannu. Yarinyar 'yar siririya ce, 'yan ajinsu suna ce mata Shiru-shiru. Yaya ta haɗa jambaki da gazal ta ja mata layuka daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, har ni sai da tsigar jikina ta tashi.

Wasa ya yi kyau, mata har da share hawaye. Da aka gama, malam ya ɗauki makirufo ya ce iyaye su taya ɗalibai nazari: wane irin mutum ne kawun, ina tushen rikicin, mene ne jigo. Mu kuma muna bayan labule, Yaya tana goge wa yarinyar hannu da auduga da mai. Ta ɗan tura hannun rigar sama don kada ya ɓaci, sai ga wasu layukan a dantse. Ta goga, ta sake gogawa.

"Anti, ki bari," in ji yarinyar a hankali. "Waɗannan ba sa fita."

"Wa ya yi miki?"

Ta juya ta leƙa zauren ta tsagar labule. A lokacin wani mutum mai farin gilashi ya miƙe a sahun gaba yana bayani tiryan-tiryan. Ya ce kawun ba dodo ba ne, mutum ne da ya kasa bambance horo da zalunci. Ya ce rikicin na gaskiya yana zuciyar maƙwabciya, jigon kuma shi ne shirun jama'a. Aka tafa masa.

"Babana ne," in ji yarinyar.

Wallahi ban taɓa ganin Yaya ta rasa bakin magana ba sai ran nan. Ta ruga wajen shugabar makaranta a bakin ƙofa tana haki. Shugaba ta ce abu ne babba, amma ba a tayar da irin wannan a gaban baƙi, a bari sai Litinin. Litinin! Yau fa yarinyar za ta bi shi gida. Yaya ta dawo tana yarfa hannu: "Na shiga uku, ya zan yi? Ke, ya zan yi?" Ni ma ban sani ba.

Sai kawai ta kama yarinyar ta ja ta kan dandamali. Ta naɗe mata hannun riga har kafaɗa, ta ɗaga dantsen sama, ta ce:

"Jama'a, ku duba! Don Allah ku duba da kyau!"

Suka duba kuwa. Zauren ya ɓarke da tafi. Wata daga baya ta ce, "Kai, matar nan ta iya aiki, kamar gaske!" Malam ya ce a ƙara wa mai kwalliyarmu tafi. Yaya tana ihu, "Ba ni na zana ba! Ba nawa ba ne!" Suka ɗauka kunya ce da ƙanƙan da kai, suka ƙara tafawa har da fito. Haushi ya sa na ji kamar in jefe su da akwatin.

Uban, mai farin gilashin nan, ya hau dandamali yana murmushi. Ya yi wa Yaya sannu da ƙoƙari, ya sauke wa 'yarsa hannun riga da kansa, ya riƙe ta daidai wurin.

"Mu je gida ki wanke," ya ce.

Yaya ta bi su har bakin titi da auduga a hannu, tana roƙon ya bar ta ta kwana wajenmu, wai fentin ba ya fita sai da man da ke shago. Ya ce sabulu ma ya isa, ya rufe ƙofar mota.

Ranar Litinin tun kafin a buɗe makaranta Yaya tana tsaye a ƙofar ofishin shugaba. Aka yi kiran suna a aji, Shiru-shiru ba ta zo ba.