Kwatarniyar da ta Kai Magdalene Kurkuku

Wata biyar ke nan Magdalene tana tsare a gidan yari, ko gaban alƙali ba a kai ta ba, don ta ajiye jaririyarta inda za a gan ta a ɗauka.

Maginiyar tukwane ce a wani ƙauye bayan Kwali. Tun tana shekara tara take kwaɓa yumɓu a gefen uwarta. Mijinta ya rasu ya bar mata yara uku. Shekarar da gwamnati ta kwaso kujerarta daga Legas zuwa sabon babban birni nan kusa, wani birkila, Jonah, ya yi ta zarya wai randa yake saye, har ya yi mata alkawarin aure. Gini na ƙarewa ya bi motar kamfani, ko sallama babu, ya bar ta da ciki.

Ta haihu, zazzaɓi ya kayar da ita, nono ya ƙafe. A kwana na shida ta rarrafa zuwa ƙaramin asibiti.

"Sista, ku karɓe ta, za ta mutu a hannuna."

Nas ta ce, "Mama, nan ba gidan marayu ba ne. Je ofishin jin daɗin jama'a."

Ta je. Maigadi ya ce, "Oga ya tafi tarbar manya. Fayil ma bai iso daga Legas ba. Dawo bayan sati biyu."

Sati biyu! Ga jaririyar da ko kuka ta daina?

Ranar kasuwa da hantsi ta ɗauko kwatarniya mafi kyau da hannunta ya taɓa ginawa, ta shimfiɗa zane a ciki, ta kwantar da yarinyar, ta ajiye a barandar asibitin. Ta laɓe bayan mangwaro har ta ga nas ta ɗauka. Sai dai maginiya ba ta ƙona tukunya babu alama. A bakin kwatarniyar akwai ƙadangaru uku, zanen gidansu tun kakanni. Ko a ranta bai zo ba.

Ɗan sanda ya rungumi kwatarniyar ya zaga layin masu tukwane. Wata tsohuwa ta washe baki, ta zaci ciniki ne ya zo. "Af, hannun Magdalene ne! Wa ya iya ƙadangare kamarta?"

Kafin la'asar an sa mata ankwa. Wai jefar da jariri.

Wata da ta jefa nata a masai tana nan tana yawonta, babu wanda ya san ta. Yaran Magdalene kuwa suna raɓe a gidan maƙwabta. An ce jaririyar ta rayu. Kullum sai ta tambayi gandiroba inda take, amsar ɗaya ce: "Ba aikina ba ne."

To, ku masu shari'a da masu ofis, ku sake ta ta koma wa 'ya'yanta. Ku faɗa mata inda kuka kai 'yarta. Kuma ku buɗe ƙofa ɗaya tak a garin nan, inda uwar da ta rasa yadda za ta yi za ta miƙa jaririnta da rana tsaka, ta koma gida da ƙafarta.