Ranar Gayyar Gonarmu

Edita, ina gaisuwa. Ba na son dogon zance, don haka ga abin da ya kawo ni. Lokacin da jam'iyyu suka fara yawa a ƙasar nan ina kwaleji a Illela, yarinya mai kaifin baki wadda ba ta bari a gama magana ta mayar. Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Tajaye. Babana Bahaushe ne, ya rasu ya bar mu da gona ɗaya. Innata Buzuwa ce, ni kuma na ɗauko farinta da gashinta. Tun ina ƙarama ana ce mini jar akuya, ina ramawa, a yi dariya a watse. Ban taɓa jin zafin sunan ba sai daminar da aka fara tawayen Buzaye a arewa.

Na dawo hutu na tarar ciyawa na neman cinye hatsinmu, ga shi babu namiji a gidan. Inna ta kira gayya, ta jiƙa hatsin hura, ta ware akuyarmu ɗaya da za a yanka wa manoma. Ana saura kwana biyu na bi ta gindin gawon kasuwa, inda wani ɗan siyasa da ya dawo daga Yamai yake karanta wa mutane jarida yana juya ta da Hausa. Na iya Faransanci, na kuma ji sarai inda yake ƙara gishirinsa. Yana cewa jajayen fata ba 'yan ƙasa ba ne, baƙi ne da raƙumi ya sauke, kowanensu da takobi ƙarƙashin tabarma. Da ya hango ni sai ya nuna ni da jaridar, ya ce ga irinsu nan har karatun lakwal ana ba su. Aka yi dariya. Cikin masu dariyar har da maƙwabcinmu, tsohon da nake kira Kawu tun ban iya tafiya ba.

A nan na tafka wautata. Shi mai jaridar na wanke shi tas da zagi, kuma har gobe ban yi nadama ba. Amma ban tsaya kansa ba. Na juya ga dattawan na ce dukansu munafukai ne, kada ƙafar kowa ta taka gonarmu, ba mu bukata. Da na gaya wa Inna ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni kawai ko Faransancin nawa ya iya riƙe hauya. Daga nan ta fara zancen in hatsin ya lalace za ta koma daji wurin danginta, ni kuma karatu ya ƙare ke nan.

Ranar gayya duk da haka ta sa aka yanka akuyar, muka dama hura, muka kai gona. Hantsi ya ɗaga, babu kowa sai mu da ƙuda. Ina cikin cewa mu kwashe kayanmu sai na ji ganga. Kawu ne gaba da hauya a kafaɗa, ɗansa a bayansa, sai samari, sai matarsa Gwaggo tana tafe tana yi musu tsiya. Ba kowa ya zo ba, wasu har yau ba sa amsa sallamarmu. Amma waɗanda suka zo sun gama gonar kafin la'asar.

Wurin shan hura Gwaggo ta fasa ƙwan gaban kowa. Ta ce ranar kasuwa ta hana Kawu tuwo, ta tambaye shi nonon wa ɗansa ya sha shekarar da ta kwanta ciwo ƙirjinta ya ƙafe. Innata ce ta shayar da shi tare da ni. Ta ce in Inna baƙuwa ce, to ya tattara ɗan nasa ya miƙa wa mai jarida, don rabinsa Buzu ne. Kawu ya sunkuyar da kai, ya ce dariyar ta kuɓuce masa ne, ya kwana biyu tana ci masa rai. Sannan ya harare ni ya ce bakina ya fi motar siminti ta Malbaza gudu, kuma ba ta da birki. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce tashi ɗiyata, zubo mini hura. Inna ta juya baya tana gyaran lulluɓi, na san kuka take.

Hatsin nan shi ya riƙe mu har wata damina, shi ya mayar da ni aji. Allah ya saka wa Gwaggo, da Kawu, da duk wanda ya ɗaga hauya ranar. Masu hawa kujera suna rarraba mu da launi, ku sani maganarku ba a jarida take tsayawa ba, har gonar marainiya tana isa. Masu saurare, ku kula da dariyarku, tana yanka. 'Yan uwana masu zafin kai kuma, in an zage ku ku rama ga wanda ya zage ku, kada ku haɗa gari duka. Ni na kori mutane da bakina, Allah ya sa ba su ji maganata ba.