Ranar da Na Raka Baba Karɓar Maganin Kuturta

Mun tashi da asuba, tun masu ƙosai na unguwarmu ta Television ba su hura wuta ba. Mu uku ne a motar: ni, da Baba yayan mahaifina, sai maƙwabcinmu bakanike, mutumin kudu da ya buɗe gareji a Kakuri tun ina firamare. Motar ta wani mutum ce da ya kawo masa gyara. Ya ce dama yana neman doguwar hanya ya gwada ta. Ban tambaya ko mai motar ya sani ba.

Ga waɗanda ba su sani ba a cikinku, Baba yana shan maganin kuturta. Na faɗa a fili don na gaji da ɓoye-ɓoye. Ciwo ne mai magani, kuma wanda ya kama shan maganin ba ya sa wa kowa. Ya dawo wurina da zama ne tun da gyambo ya fito masa a tafin ƙafa. Ƙafar ba ta jin komai, ya taka wani abu a gona bai sani ba sai da ya ga jini a takalmi. Amma maganinsa na wata-wata a asibitin sha-ka-tafi na ƙauyensu yake karɓa, ya kuma kafe ba zai canja ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, har Fasto na sa ya yi masa magana. Ga manyan asibitoci a cikin Kaduna, ga gyambo kullum yana ƙara zurfi, shi dai amsarsa ɗaya: can zai je. Na ce to, bari in bi shi in ga abin da ke can ɗin da idona.

A Gonin Gora muka fara cin karo da wahala. Wata tirela ta mutu a tsakiyar titi, an zuba mata ganye gaba da baya, motoci sun jeru kamar ba za su ƙare ba. Masu talla kuwa abin nema ya samu. Burodi, ayaba, gyaɗa, cajar waya, har da mai maganin ɓera, kowa yana cusa kayansa ta taga. Na sayi gasasshiyar masara, kuɗin guda ɗaya bara biyu zai saya. Da na yi ƙorafi mai masarar ta ce, "Anti, ki je ki yi faɗa da masu taki." Abin da na lura da shi, duk wanda ya leƙo motar sai Baba ya mai da hannuwansa cikin hannun riga. Yatsunsa biyu ne kawai suka lanƙwashe, sai fatarsa da maganin ya sa ta yi duhu, amma ya saba ɓoyewa har ba ya sanin ya yi.

Daga nan hanya ta buɗe. Muka wuce shingayen jami'an tsaro, muka shiga Kakau. Damina ta yi kyau bana. Masara ta fi mutum tsawo, waken soya ya rufe ƙasa, mata sun tara sabuwar doya a bakin titi suna ɗaga wa motoci hannu. Baba ya saki jiki yana ba mu labarin gonar wa ta yi kyau, ta wa aka makara da noma. Na fara tunanin ashe tafiyar ba za ta yi muni ba.

Sai muka sauka daga kwalta.

Jama'a, abin da muka shiga ba na iya kiransa hanya. Jar laka ce da ramuka masu cike da ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Bakaniken yana tuƙi yana ba motar haƙuri da yarensu. Can ya juyo ya ce mini, "Madam, kin ce ƙauye. Ba ki ce bayan duniya ba." Mun yi nisa muka tarar ruwa ya cinye rabin wani kwalbati, mota ba za ta haye ba. Ya ce shi ba zai bar motar mutane a daji ba, zai jira mu a nan. Mu kuma muka nemi 'yan acaɓa da ke jira a tsallake. Na farko ya dubi bandejin ƙafar Baba, ya dubi hannunsa, ya ce tayarsa ba iska. Tayar kuwa a cike take tam. Na buɗe baki zan wanke shi, wani dattijo a cikinsu ya turo babur ɗinsa ya ce, "Baba, hau mu tafi, yau ranarku ce ko?" Da haka muka ƙarasa.

Asibitin ɗakuna uku ne. An yi wa gabansa sabon fenti, gefe da baya kuwa an bar su yadda suke. A baranda mata ne da jarirai sun zo rigakafi, suna zaune a kan benci a inuwa. Na nufi wurin, Baba ya ja ni muka zagaya baya. Nan ne wurin masu karɓar maganin kuturta: gindin mangwaro kusa da bayan gida, da benci ɗaya da aka tokare ƙafarsa da bulo. Mutum goma sha wani abu muka tarar, wasu a kan bencin, wasu sun shimfiɗa buhu. Akwai wanda ya taso daga ƙauyen da ke bayan dutse da ƙafa, a kan ƙafar da aka ce ya daina takawa. Fanfon burtsatse yana nan, ciyawa ta fito a bakinsa. Malamin asibitin da ke kula da su bai zo ba, kuma ba wanda ya san inda yake.

Muka zauna. Rana ta ɗaga. Mata masu jarirai suka gama suka watse. Na je na tambayi shugabar asibitin, ta ce ba sashenta ba ne, in yi haƙuri. Na dawo na tarar su Baba suna ta hira da dariya kamar a gidan biki. Ni kaɗai ce raina yake tafasa.

Muna nan sai ga wata farar mota ta ɓullo ta ɗaya hanyar, wadda ta zagayo daga hedikwatar ƙaramar hukuma. Mace da namiji suka fito, tsaf-tsaf, kowa da waya a hannu. Suka ce an aiko su ne su ji ra'ayin marasa lafiya a kan kulawar da ake ba su. Na ce a raina Allah ya kawo ku. Shugabar asibitin ta rako su bayan, ta tsaya a gefe ta harɗe hannu. Suka tsaya ɗan nesa da bencin, suna bin mutane ɗaya bayan ɗaya: ana ba ku magani? Ana girmama ku? Kuna daɗewa kafin a gan ku? Kun gamsu?

Wallahi kowa ya ce ya gamsu. Mutumin da ya tako daga bayan dutse ya ce ya gamsu ƙwarai. Da aka zo kan Baba, wanda tun asuba masara ɗaya ce a cikinsa, ya ce, "Mun gode Allah, mun gode gwamnati, ba mu da abin cewa."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce su dubi fanfon nan, su dubi inda aka ajiye mutane, su tambaya tun yaushe muke zaune. Matar ta tambaye ni ko ni ma mara lafiya ce. Na ce a'a. Ta ce to su ra'ayin marasa lafiya aka ce su ɗauka. Zan ƙara magana na ji an ja mini zane. Wata tsohuwa ce da yatsunta suka gutsuttsure, ta maƙale bakin zanena a tsakanin tafukanta biyu. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "'Yata, zauna. Ke anjima za ki koma birni, mu muna nan. In aka rubuta mun ce wurin ba kyau, ba gyarawa za a yi ba, ɗauke shi za a yi a kai hedikwata. Da wace ƙafar zan je can?"

Na zauna. Ba don na huce ba. Baƙin suka yi hoto da fentin gaban asibitin suka tafi.

Bayan tafiyarsu malamin ya iso a kan babur, laka har gwiwa, da kwalin magani ɗaure a baya. Ashe ba a aiko da maganin watan ba, shi ya je ya karɓo da kansa. Bai ba kowa haƙuri ba, ni kuma da na ce masa ai sai ya bar sallahu, ya dube ni ya ce, "Ke kuma daga ina?" Amma ya bi su ɗaya-ɗaya yana ba su hannu, hannu sosai, ba 'yan yatsu ba. Ya kira kowa da sunansa. Ya tsokani tsohuwar nan cewa har yanzu yana jiran ta amsa masa maganar aure, ta ce ya fara gyara fanfo tukuna. Ya tsaya kowa ya haɗiyi ƙwayoyin farko a gabansa, sannan ya ba su na gida.

Da aka zo wankin ciwo, babu bandeji, babu auduga, babu ruwa. Maganin kuturta kyauta ne, amma duk abin da gyambo yake bukata sai ka nemo. Takalma masu taushi da aka yi musu alkawari tun bara ma ba labari. Ni na taka zuwa kemis ɗin ƙauyen na sayo kayan, na roƙi jarkar ruwa a rijiyar wani gida na ɗauko a ka, abin da rabona da yi tun ina budurwa.

Malamin ya zauna a kan kujera 'yar tsugunne, ya ɗora ƙafar Baba a cinyarsa ya warware tsohon bandejin. Sai na ga wasa ya ɓace daga fuskarsa. Ya danna gefen ciwon, ya sunkuya ya duba, ya ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfina. Ya kusa taɓa ƙashi. Gobe-goben nan ka je babban asibiti, in ba haka ba ƙafar za ka rasa." Ya juyo kaina ya ce, "Kuna zaune a birni kuka bar shi ya kai haka?"

Ni! Ni da bakina ya bushe a kan wannan magana. Kafin in sami numfashin amsawa sai na ji Baba ya ce, "To, Malam. Za a je." Haka kawai. Abin da ni da Fasto muka kasa, mutumin nan ya gama shi a numfashi ɗaya.

Malamin ya ce yana da wani abokin karatu a asibitin birni, bari ya kira shi. Wayar ba ta kamawa a wurin sai an hau wani suri da ke bayan asibitin. Yana can a kan surin yana ihu cikin waya, na tambayi Baba me ya hana shi jin tawa tun farko. Ya ce farkon ciwon ya taɓa zuwa wani asibiti a birni shi kaɗai. Ma'aikacin da ya samu ya turo masa katinsa da bakin biro, ya ɗaga murya ya faɗi sunan ciwon a gaban jama'a, mutanen da ke kan bencinsa suka tashi suka bar shi. Ya ce, "Nan ba ruwa, ba inuwar kirki, na sani, ba makaho ba ne ni. Amma kin ga inda Malam ya ɗora ƙafata."

Kafin mu juya muka tsaya cin gwate a wurin wata mai abinci a bakin kasuwar ƙauyen. Ya ji yakuwa da gyaɗa, ba laifi. Ta zuba nawa a kwano, ta ɗauko leda za ta zuba na Baba. Na ce ta ƙara a kwanona, ta kawo cokali biyu. Ta kawo tana kumbure-kumbure. Ƙarfin faɗa ya riga ya ƙare mini.

Mun tarar da bakaniken ya kwantar da kujera yana sharar barci, ya ci doya da mai a wurin wasu manoma har ya sayi buhun gawayi ya cusa a but ɗin motar. Hadari ya biyo mu, muka samu muka hau kwalta kafin ya sauko. Tirelar Gonin Gora tana nan inda muka bar ta. Mun shiga gida rana tana shirin faɗuwa, jikina kamar an yi mini duka.

Washegari na kai Baba babban asibiti. Abokin malamin ya tarbe mu da mutunci, aka kwantar da shi. An cire masa ɗan yatsan ƙafa ɗaya, amma sun ce ƙafar ta tsira.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, in mara ƙarfi ya ce maka ya gamsu, ka duba wa ke tsaye a gefensa, ka kuma tambaye shi da me yake gwadawa. Mutanen gindin mangwaron nan ba ƙarya suka yi ba. Sun sami mutum ɗaya da ba ya ƙyamarsu, suna tsoron in sun yi kuka a kan sauran a raba su da shi. Yanzu haka akwai ofishin da aka rubuta cewa komai lafiya a asibitin nan, don haka ba wanda zai taɓa fanfon, ba wanda zai aiko da bandeji. Wannan ne yake ci mini rai har yau.

Baba yana kan gadon asibiti ya riga ya fara tambaya wa zai je ya karɓo masa maganin wata mai zuwa. Na ce ni. Matan zumuntarmu na coci sun fara tara bandeji da auduga, zan tafi da su. In kuma na sake tarar da masu tambaya, ba zan yi ihu ba. Zan roƙe su su sallami shugabar, su zauna a kan bencin nan, sannan su sake tambaya.