Maruƙan Kawu

Kawuna ya shekara arba'in yana tatsar shanu, kuma bai taɓa kai hannu hantsar saniya ba sai ya fara sakin maraƙinta ya ɗan tsotsa. Da ta ji bakin ɗanta sai ta saki nono. Daga nan ya janye maraƙin, ya ɗaure shi a gabanta tana lasarsa, shi kuma ya kafa bokiti.

Sai ga masu shirin bunƙasa kiwo sun kawo tankin sanyaya madara, da wani jami'i mai farar riga wanda ko kashin shanu bai taɓa takawa ba. Ya ce maruƙa ne ke shanye arzikin, a sayar da su, a kai madarar duka tanki.

Matar Kawu ta ce, "Maigida, shanunmu fa ba irin na cikin hotonsa ba ne."

Kawu ya ce, "Ke kin fi mai ilimi sani ne?"

Rana ɗaya ya sayar da maruƙa shida. Iyayen suka kwana uku suna kuka a bakin shinge, suka riƙe nononsu. Ya matsa, ya lallaɓa, ya kira kowace da sunanta, a banza. Kafin wata ya cika duk sun ƙafe. Jami'in kuwa tuni an yi masa canjin wurin aiki.

Yanzu Kawu gadin tankin yake yi, tankin da ko ɗigo babu a ciki. Kullum da safe sai ya wanke bokitinsa ya kife a kan dutse. Na tambaye shi dalili, ya ce hannu ne ya saba.