Ɗarin da Kande Ta Riƙe Lambu

A Limancin Kona idan ka tambayi gidan Malam Aƙilu, za a ce maka, wanne, mai ɗinki? Har yau da sunan nan ake kiransa, ko da yake ya yi shekara shida rabonsa da allura. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a zauren gidansu, zaune a kan buzu, babbar riga shimfiɗe a cinyarsa, yana bin zane da zare. Dogo ne, siriri, marar yawan magana. Abokan aikinsa kan ce idan Aƙilu ya sunkuya a kan riga, sai ka yi sallama uku kafin ya dawo daga inda ya tafi. Ba su san inda yake zuwa ba, shi kuwa bai taɓa faɗa ba.

Jos yake zuwa. Yana saurayi mahaifinsa ya aike shi can sau ɗaya tak, ya kai wa wani attajiri riga. Aka ce ya jira mai gidan, aka shimfiɗa masa tabarma ƙarƙashin wata rumfa wadda ba ta kara ba ce, ba kuma ta kwano ba. Ganye ne ya saƙa kansa a kan itatuwa, 'ya'yan inabi na reto a samansa, hasken rana na ratsowa kore-kore yana yawo a bayan hannunsa. Bai cika sa'a guda a wurin ba. Ya dawo Zariya, ya yi aure, ya samu 'ya'ya, ya binne iyayensa, amma rumfar nan ba ta rabu da shi ba.

Yanar ido ce ta rufe masa gani, a hankali, kamar ana ɗiga madara a kwanon ruwa. Da farko zura zare ya gagara, daga baya ya kasa bambanta shuɗi da baƙi. Ya ninke rigar da ke hannunsa ya miƙa wa wani ya ƙarasa. Wata biyu yana zaune a zaure hannu ba komai, har matarsa Kande ta gaji da ganinsa haka. Ita mace ce mai kuzari da saurin baki, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ba ta san zama ba. Ta ce masa in dai zaman ne, gara ya je ya share kangon da ke bayan gida, inda ɗakin mahaifiyarsa ya rushe, don daga nan kunamu ke shigo mata madafa.

Ya je share kango, sai ya ƙi fitowa. Wurin taku goma sha biyu ne a tsaye, takwas a kwance, da tsohuwar rijiya a kusurwa. Ya baje ƙasar tsohon ginin, ya gauraya ta da takin awaki. Zogale ya fara sawa, sai lalle, lemun tsami, rumman guda, gwanda, sannan na'ana'a da ɗoɗɗoya a cikin fasassun kwanonin wanki. Da hannu ya san su, da hanci. A idonsa kuwa, da yake komai ya zama dishi-dishi, lambun ba shi da iyaka. Kore ne kawai ya tashi daga ƙafarsa ya tafi, bai ga inda ya tsaya ba. Wani lokaci yakan tsaya a tsakiya da guga a hannu ya manta abin da ya kawo shi.

A daminar bana wani manomi daga wajen Kudan, wanda Malam Aƙilu ya taɓa yi wa rigar aure, ya zo gaishe shi, ya kawo masa rassan inabi huɗu a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ya dasa su a jikin katangar yamma. Duka huɗun suka kama. Kowace safiya yakan durƙusa ya shafa ganyensu ɗaya bayan ɗaya, ƙanana, masu laushi kamar kunnen jariri.

Ba ya bukatar a gaya masa ɗari ya kusa. Igiyar guga ce ke fara ƙandarewa a hannunsa, diddigensa ya soma faso, kiran sallar masallatai masu nisa ya riƙa isowa tangaram kamar daga maƙwabta. A makon da ya fara jin haka ne autarsu Radiya, wadda ke aikin nas a Kaduna, ta bugo waya ta ce ta samo masa likitan ido, an sa rana. Ido ɗaya za a fara yi, a jira ya warke, a yi ɗayan. Kusan wata biyu zai yi a wurinta, kuma nan da kwana tara za ta zo ta ɗauke shi.

Ya yi godiya, ya sa mata albarka, ya ajiye wayar. Can bayan la'asar ya ce wa Kande da dai an bari sai bazara. Tana tsince gyaɗa a faifai, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, idon ne ya fi ko ganyen?"

Ya ce, "Wa zai ba su ruwa?"

"Ni ba mutum ba ce?"

Mutum ce, amma a shekara shidan nan ba ta taɓa wuce bakin ƙofar lambun ba, sai dai ta miƙa hannu ta tsinki na'ana'ar shayi. Ga gwiwa tana damunta, ga sana'arta. Sai ya ƙudurta zai shirya wurin yadda zai iya jure rashinsa.

Kwana biyu ya yi yana kafa dirkoki ta gefen arewa da gabas, inda iskar ke bugowa, ya ɗaure zana a jikinsu da igiyar rama. Kwanonin na'ana'a da ɗoɗɗoya ya ja su ɗaya-ɗaya zuwa gindin katangar da ranar hantsi ke fara taɓawa. Ya roƙi Kande ɓawon gyaɗa buhu uku, ya zuba a gindin kowace shuka har ya kai tafin hannu, don ƙasa ta riƙe laima, ya barbaɗa toka a kai saboda ƙwari. Ya aika gidajen maƙwabta a tattaro masa tsagaggun tuluna da aka daina ɗiban ruwa da su. Aka samo bakwai. Ya binne kowanne har wuya kusa da saiwa, ya rufe bakinsa da kasko. In an cika tulu, ruwan zai riƙa tsattsafowa da kansa kwana uku.

Dashen inabin da ƙananan gwandan su ne abin tsoro, don iskar ɗari kan ƙone musu ganye tun ba su yi ƙwari ba. Ya kafa wa kowanne kara uku, ya haɗe kansu, ya zauna da basilla da buhun algarara yana ɗinka musu abin rufa, da baki ta gefen kudu don su sha rana. Hannun bai manta ba. Kande ta leƙo ta ga yadda yake jan igiya yana daidaita ta da babban yatsa, ta tsaya kallo ɗan lokaci, ta koma madafa.

Ran nan da hantsi, rana ta yi masa daɗi a baya, barci ya ɗauke shi a zaune. Ya ga inabin ya hau katanga, ya tsallaka gidan maƙwabta, ya bi lungu-lungu yana rufe sama, har mutane na tafiya kasuwa a ƙarƙashin inuwa kore, masu babur na sunkuyar da kai. Ya ga mahaifiyarsa zaune a ƙofar ɗakinta, ɗakin a tsaye cak, tana kaɗi, ganye na taɓa mata ɗankwali. Ta tambaye shi ko ya ci abinci. Ya farka basilla na hannunsa, Kande na tsaye a kansa da kwanon koko, ita ma abin da take tambaya ke nan.

Ana gobe zai tafi ya kira ta ciki. Ya zaga da ita, yana faɗa tana gyaɗa kai. Kada a ba da ruwa da asuba, ya yi sanyi da yawa. A ja shi a bar shi a bokiti sai hantsi. Lalle da zogale za su zubar da ganye, kada ta tsorata, ba mutuwa suka yi ba. Ƙofa kuwa a riƙa sa mata sakata. Da suka zo kan inabin, ya kama hannunta ya tura yatsanta cikin ƙasa, ƙarƙashin ɓawon gyaɗa.

"Kin ji? In da laima har gaɓa ta biyu, ki ƙyale su."

Shekara arba'in da huɗu da aurensu, ta manta rabon da ya riƙe mata hannu da rana tsaka. Ta zare, ta ce mai na kan wuta.

A Kaduna aka yi aiki lafiya. Ranar da aka cire masa auduga daga idon hagu, abin da ya fara gani bokitin roba ne a gefen gado, ja wur, har sai da ya runtse. Ya yini yana kallon abubuwan da ba kowa ke kallo ba: saƙar bargo, jijiyoyin bayan hannunsa, ƙuda a kan taga. Radiya takan same shi yana murmushi shi kaɗai, ta ce, Baba lafiya? Ya ce lafiya lau.

Kowace yamma yakan kira gida. In ya tambayi shukokin, amsar Kande ɗaya ce, suna nan. A mako na uku muryarta ta yi sanyi kwana biyu, ta ce mura ce. Bayan nan kuma ya riƙa jin ƙarar guga a bayanta a lokacin da ya san tana suya. Wata rana ta tambaye shi zurfin da ake dasa albasa, ta ce wata maƙwabciya ce ke son sani. Ya gaya mata, bai tambayi sunan maƙwabciyar ba.

Sanyi bai gama wucewa ba ya dawo. Daga Ƙofar Doka ya manna fuska a gilashin mota kamar baƙo. Lungunan sun fi yadda ya bar su matsi, an yi shaguna inda ya san fili. Ya gaisa da mutanen zaure a gaggauce, ya wuce bayan gida ko takalmi bai canja ba.

Lambun ƙarami ne. Abin da ya fara ba shi mamaki ke nan. Ga katanga nan, ga katanga can, duk a kusa, da tsatstsaga a jikinsu. Zanar da ya ɗaura ta karkace, zogale ya zama sanduna, rumman ɗin da yake ji kamar itace ko kafaɗarsa bai kai ba. A jikin katangar yamma buhu biyu ne a tsaye maimakon huɗu. Ya durƙusa ya leƙa ciki. Ganyen ya yi ruwan ƙasa a gefe-gefe, amma ga sabon toho a kowanne. Inda sauran biyun suke da inda gwanda take, sai ga kunya huɗu a jere, madaidaita, albasa ta fito tsaye-tsaye, alayyafo ya baje a ƙarshe.

Kande na bakin ƙofa. Ba ta jira tambaya ba ta ce ita ce ta manta sakata ranar da ta kai toka, akuyar maƙwabta ta shiga, kafin ta ankara ta ture buhunan ta cinye gwandan da inabi biyu har ƙasa. Ta ce ta zauna a bakin rijiya ta rasa abin da za ta gaya masa. Ganin wurin fayau ya dame ta, shi ya sa ta nemo dashen albasa ta rufe. Daga nan kuma ba ta san yadda aka yi ba, sai ta riƙa gaggauta suya don ta samu ta shigo.

Shi dai kallonta yake yi. Fuskar da ya riƙe a zuciyarsa ta shekara shida baya ce. Wannan ta faɗa kaɗan a kumatu, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali, ga ƙasa a ƙarƙashin farcenta. Ta tsargu, ta gyara mayafi, ta ce ko zai yi faɗan ne ya yi a gama.

"Kunyar nan wa ya ja miki?"

"Ni na ja. Da igiya na auna."

"Ta miƙe," ya ce.

Washegari da hantsi ya zo ɗaukar guga ya tarar ta riga shi. Ba su yi wata doguwar magana ba, amma kafin mako ya zagayo kowa ya san nasa: inabi da itatuwa na Malam, albasa da alayyafo na Kande, tulu huɗu nasa, uku nata. Ta ce in bazara ta shigo za ta sa kuɓewa, ya ce wurin ba zai isa ba, ta ce zai isa in aka rage lallen nan da ba mai ƙunshi da shi. Har yanzu ba su gama wannan shawarar ba.

A ranar Juma'ar da ta biyo ta yanki alayyafonta na farko, ta yi miya da shi, ta aika wa gidan masu akuyar kwano guda. Malam Aƙilu ya ci nasa a tsakar gida, a hankali, yana ɗaga kowace loma yana dubawa kafin ya kai baki. Kande ta ce in kallo zai yi ya miƙo mata ta rufe kada ya huce. Ya janye kwanon kusa da shi, ya ce a ƙaro masa miya.